Kwashe Faya-fayan Shagon Baffa: Bayanin Aiki da Zaɓen Kodek

11 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne kwashe abin da ke cikin faya-fayan da Baffana ya tara a shekarun da ya yi yana sana'ar ɗaukar bidiyo a birnin Kano, in mayar da shi cikin kwamfuta tun kafin ƙura da zafi su gama da su. A cikin kwalayen akwai bukukuwan aure da na suna, da saukar karatu, da tafsirin watan azumi, da hawan Sallah na shekaru daban-daban. Akwai kuma fina-finan Hausa da ya saya a kasuwar Ƙofar Wambai lokacin da cinikin faifai yake tashe, amma waɗannan na ware su gefe guda, domin haƙƙinsu na waɗanda suka shirya su ne. Abin da ya ɗauka da kyamararsa kaɗai aikin ya shafa.

Faya-fayan iri biyu ne. Tsofaffin VCD ne, masu ɗigo 352 a faɗi da 288 a tsaye, waɗanda aka matse hotonsu da tsarin MPEG-1 a kan kilobit 1,150 a kowane sakan, ta yadda minti ɗaya da sautinsa yake cin kimanin megabayit 10. Na baya-bayan nan kuwa DVD ne, masu ɗigo 720 da 576 a tsarin MPEG-2, kuma faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7. Dukkansu hotuna 25 suke nunawa a sakan, tunda tsarin PAL ake bi a Najeriya. Abin lura tun daga farko shi ne cewa abin da ke kan faifan an riga an matse shi sau ɗaya, an zubar da wani ɓangare na hoton da ba zai dawo ba har abada. Kowane kodek, wato tsarin matse bidiyo, na zaɓa, matsewa ta biyu zai yi, ita ma da tata asarar a kan ta farko.

Saboda haka na fara da lissafi kafin gwaji. Faya-fayan DVD ba su wuce 300 ba, kuma ko da kowanne maƙil yake, jimillarsu ba za ta kai terabayit ɗaya da rabi ba. Na VCD, da ba su kai wancan yawan ba, gigabayit 200 ya ishe su. Ma'ajiyar waje guda mai terabayit 2 za ta ɗauke su duka yadda suke. Ke nan matsewar ba don adanawa ba ce, don rabawa ce: iyalan da aka ɗauki bikinsu suna so su kalla a waya, ko su sa filashi a talabijin, kuma babu wanda zai karɓi fayil mai gigabayit 4 a memorin da hotuna da saƙonnin murya suka riga suka cika.

19 ga Janairu, 2025

Kwashewa ta kankama. DVD ba ta ba da wahala: manhajar MakeMKV tana ɗauko hoto da sauti daga fayilolin VOB ta zuba su a mazubin MKV ba tare da ta taɓa ko ɗigo ɗaya ba. Faya-fayan da Baffa ya yi wa shafin zaɓi, da hoton ango da lambar shago a ƙasa, ina ɗaukar kwafinsu ɗungurungum a matsayin ISO, domin shafin ma aikin hannunsa ne. Waɗanda suka karce ina bin su da ddrescue, wadda take tsallake wurin da ya ƙi karantuwa ta kwashe lafiyayyen, sannan ta dawo ta yi ta nacin wurin da ya lalace.

VCD ce mai taurin kai. Faifan CD mai minti 80 bayanan kwamfuta na megabayit 700 yake ɗauka, amma idan VCD ce sai ya ɗauki kusan 800, dalili kuwa shi ne an rage wurin da aka tanada don gyaran kuskure, kowane yanki ya ɗauki bayit 2,324 maimakon 2,048. Kuɗin wannan ƙarin wuri shi muke biya yanzu, domin karce kaɗan ya isa ya farfasa hoton ya koma murabba'ai masu launi, sautin kuma ya yi tsalle. Fayilolin DAT da ke cikin foldar MPEGAV ina ciro su da vcdxrip, su fito a matsayin MPG tsantsa. Kafin kowane faifai ya shiga, sai na goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, saboda karcen da ya bi layin rubutun ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Da ƙurar hunturun nan, ko minti biyar faifai ya yi a buɗe a kan tebur sai an sake goge shi.

2 ga Fabrairu, 2025

Na ware gutsattsari uku don gwaji, kowanne da halinsa. Na farko tafsiri ne: kyamara a kafe, malam da mai jan baƙi a zaune, babu abin da ke motsi sai leɓe da hannu. Na biyu biki ne da daddare a tsakar gida, hasken ƙwai ɗaya, hoton cike da tsakin nan da kyamarorin wancan zamani suke yi idan haske ya yi musu kaɗan. Na uku Hawan Daushe ne a Ƙofar Kudu, dawakai a guje, ƙura ta turnuƙe, kyamara tana bin su a kafaɗa.

Kafin maganar kodek akwai matakin da idan aka tsallake shi duk sauran aikin banza ne. Kyamarar Baffa ba cikakken hoto take ɗauka sau 25 ba, rabin hoto take ɗauka sau 50, layukan mara sannan layukan cika, kuma tsohon talabijin mai ƙeya haka yake nuna su bi da bi. Waya da kwamfuta kuwa haɗa rabi biyun suke yi wuri guda, sai gefen duk abin da ke motsi ya fito da haƙora kamar na matsefi. Kodek yana ɗaukar waɗannan haƙoran a matsayin ɓangaren hoton, ya ɓata wuri wajen adana su. Matatar Bwdif, wadda manhajar matse bidiyo ta HandBrake ta shigo da ita a fitowar 1.6 ta Disamban 2022, tana iya mayar da kowane rabi cikakken hoto, a sami 50 a sakan. A tafsiri bambancin 25 da 50 ba ya ko ganuwa. A hawa kuwa, ƙafafun doki a 25 daddatsewa suke yi, a 50 ne gudun yake fitowa yadda ido ya saba gani a talabijin. Girman fayil yana ƙaruwa, amma bai kai ninki ba, saboda hotunan da ke kusa da juna sun fi kama, kodek kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake ajiyewa. VCD ba ta da wannan matsala, tunda cikakkun hotuna ne a kanta.

9 ga Fabrairu, 2025

Kodek uku ne a gasar. H.264, wanda aka tsayar a 2003, ta hanyar manhajar x264, da H.265 ko HEVC na 2013, ta hanyar x265. Sai AV1 na 2018, wanda ƙawancen Alliance for Open Media ya fitar ba tare da kuɗin lasisi ba, ta hanyar SVT-AV1. A dukkansu ban ƙayyade girman fayil ba, inganci na ƙayyade, wato lambar da HandBrake take kira RF: idan ta yi ƙasa hoto ya yi kyau fayil ya yi nauyi, idan ta yi sama akasin haka. Masu manhajar suna ba da shawarar 18 zuwa 22 ga hoto mai girman DVD. Lambar wani kodek ba ta daidai da ta wani, domin ma'aunin x264 da x265 a 51 yake tsayawa, na SVT-AV1 kuma a 63, kuma ko tsakanin biyun farko 20 ɗin wannan ba 20 ɗin wancan ba ce. Dole da ido ake daidaita su sannan a duba girma.

A tafsiri duk ukun sun yi kunnen doki. x264 a RF 20 bai kai megabit ɗaya a sakan ba, sauran biyun sun ɗan rage, amma ragin da bai taka kara ya karya ba. A bikin dare da hawa ne aka ga bambanci. HEVC ya ba ni fayil da ya gaza na H.264 da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, AV1 ya ƙara ragewa kaɗan. Wannan ya yi nesa da ragin rabin girman fayil da ake yawan cewa HEVC yana yi, kuma dalilin a fili yake: H.264 yana yanka hoto gida-gida na ɗigo 16 da 16, HEVC yana iya kaiwa 64 da 64, AV1 har 128 da 128, kuma manyan gidajen nan a babban hoto suke amfani, inda sarari ko bango yake shimfiɗe da faɗi. A hoto mai ɗigo 720 da 576, cike da tsaki da ragowar murabba'an MPEG-2, ba su da filin da za su nuna bajintarsu.

Na tsayar da hoto ɗaya a hawan na faɗaɗa shi a duk ukun. Mahayi ne da alkyabba mai aikin zare a kafaɗa, dokinsa da jan kaya, bayansa ƙura da kawunan 'yan kallo. A x264 zaren aikin yana nan ana iya bin sa layi-layi, ko da yake gefen rawanin yana da ɗan dishi-dishi. A x265 da saitinsa na asali gefen rawanin ya fita tas, amma aikin alkyabbar ya narke ya zama fili ɗaya mai ruwan gwal, fuskokin 'yan kallo kuma sun yi sumul. Da na kashe matatar SAO, wadda take lailaye hoto, zaren ya dawo, girman fayil kuma ya matso kusa da na H.264. AV1 ya fi kowa tsafta, shi ne kuma ya fi kowa share ƙurar. Da na nuna wa Baffa, ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Kai yaro, ina ƙurar ta tafi? Wannan ai ba Ƙofar Kudu ba ce." Na ce, "Baffa, na'urar ce ta ɗauka datti ne ta share." Ya ce, "To a dawo da ita."

AV1 yana da wata dabara ta cire tsakin hoto lokacin matsewa, sannan na'urar kallo ta ƙirƙiro irinsa ta yayyafa. A bikin dare ta yi aiki sosai, domin tsakin kyamara ba shi da tsari, wani zai iya maye gurbin wani. Ƙurar hawa ba haka take ba: tana tashi daga kofato, tana da kauri a ƙasa, tana sirancewa a sama, iska tana kaɗa ta gefe guda. Wadda aka yayyafa daidai-wa-daida a duk faɗin hoton ba za ta zama ita ba. Ina ganin hotunan hawa sun cancanci wannan tsanani, musamman yanzu da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, kuma abin da masu kyamara irin Baffa suka ɗauka daga cikin taro ba lallai ne a same shi a wani wuri ba.

Wuri ɗaya H.264 ya gaza a fili, shi ne sararin sama na hunturu, inda fari yake rikiɗa zuwa ruwan ƙasa a hankali. A bit 8, wato ma'aunin launi mai ƙarancin matakai, sai ya fito zobe-zobe. HEVC da AV1 a bit 10 sun kawar da wannan, amma H.264 mai bit 10 kusan babu wayar ko talabijin ɗin da ke buɗe shi da kansa, don haka sai dai a rage RF a irin waɗannan wurare.

16 ga Fabrairu, 2025

Batun lokaci. Kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce daga kasuwar Beirut, mai Core i5 na zubi na shida. x264 a saitin da ake kira slow yana gama faifai cikin ƙasa da tsawon bidiyon. x265 yana ninka wannan lokaci fiye da sau biyu, SVT-AV1 kuma a saitin da ingancinsa ke burgewa ya fi shi jinkiri. Idan aka ɗauke wuta batir ya mutu a tsakiyar aiki, daga farko ake komawa, kuma ƙona man janareta don a rage megabayit 200 a fayil ba ciniki ba ne. Quick Sync, sashen matse bidiyo da ke cikin kwamfutar, yana matsewa cikin 'yan mintuna, sai dai a inganci ɗaya fayilinsa ya fi na x264 girma, saboda haka na bar shi don kwafin gaggawa.

23 ga Fabrairu, 2025

Na zuba gutsattsarin a filashi da memori na zaga da su gidajen dangi, kuma a nan ne maganar ta yanke. H.264 a mazubin MP4 ya buɗe a ko'ina: ƙananan wayoyin Android masu araha, talabijin mai ramin filashi, har da dikodar tauraron ɗan'adam. HEVC ya buɗe a yawancin wayoyin, amma wani talabijin sauti kawai ya fitar, allon baƙi ƙirin. AV1 a waya mai araha sai da manhajar kallo ta VLC, kuma da yake wayar ba ta da sashen da ke buɗe shi, ƙwaƙwalwarta ce ke ɗaukar nauyin, sai ta yi zafi caji ya zube, a hotuna 50 kuma ta riƙa sarƙewa. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda ko iPhone sai a 15 Pro na 2023 ya fara zuwa da sashen buɗe AV1.

A gidan Gwaggo har yanzu tsohuwar na'urar DVD mai ramin filashi ake amfani da ita, wadda ba ta san H.264 ba, sai Xvid a mazubin AVI. Zan yi mata nata kwafin daban daga na asali. Tsofaffin na'urori irin wannan filashi mai tsarin FAT32 suke karantawa, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4, wani dalilin ke nan da ya sa kwafin asali ba zai yi aikin rabawa ba. Wanda kuma za a tura wa ta WhatsApp, a tura masa a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, don kada a sake matse shi karo na uku. Ta wannan hanya ana iya tura har gigabayit 2.

Bidiyon kamu da wunin mata masu bikin kaɗai ake ba, hannu da hannu. Baffa ne ya gindaya wannan sharaɗi tun ranar da ya ba ni kwalayen.

8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan tarawihi, kuma buƙatar mutane ta karkata ga tafsiri. Sautin DVD ɗin Baffa AC-3 ne, na VCD kuma MP2 a kan kilobit 224. A kwafin rabawa ina mayar da su AAC a kan kilobit 128, wanda ya wadatar ga sautin da aka ɗauka da makirfon kyamara. Opus ya fi shi kyau idan aka matse sosai, amma ba kowane talabijin ne ya san shi ba, hukuncinsa ɗaya da na AV1. Masu neman tafsiri da yawa ba hoton suke so ba, karatun suke so su saurara a shago ko a mota, don haka na fitar musu da sauti zalla a MP3 na kilobit 64 mai hanya ɗaya, wanda awa guda ba ta kai megabayit 30 ba, kuma ko rediyo mai memori yana karanta shi.

22 ga Maris, 2025

Hukuncin VCD ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato: ba a matse ta. Awa ɗaya megabayit 600 ce, hoton kuma tun asali a takure yake, da murabba'ai da ake gani ko ba a faɗaɗa ba. Kodek na zamani ba ya bambance murabba'in da MPEG-1 ya haifar da ainihin abin da aka ɗauka, duka yake ƙoƙarin adanawa, kuma idan aka matsa masa sai ya zubar da ɗan abin da ya rage na fuska ya bar murabba'in. Wanda wayarsa ta ƙi buɗe MPG kaɗai nake yi wa kwafin H.264, a RF 18, a girman hoton na asali. Faɗaɗa shi zuwa 720 ko 1080 ba ya ƙara komai sai nauyi.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar in mayar da komai FFV1, kodek ɗin da ba ya zubar da komai, wanda gidajen adana tarihi suke amfani da shi, kuma aka tsayar da ƙa'idarsa a 2021. Shawara ce mai kyau amma ba a nan take ba. FFV1 zai warware MPEG-2 ya adana abin da ya fito, fayil ya ninka na faifan sau da yawa, alhali babu ɗigon da ya ƙaru. Abin da MakeMKV ya kwaso shi ne asalin. Inda shawarar za ta yi amfani shi ne kaset-kaset na VHS da Baffa ya ce suna ɗakin ajiya, domin su ba lambobi ba ne a kansu, dole sai an ɗauke su sabo, kuma ɗaukar farko ita ce ya kamata ta zama marar asara.

12 ga Afrilu, 2025

Tsarin da na tsaya a kai ga DVD shi ne x264 a saitin slow, RF 20 ga tafsiri da bukukuwa, RF 18 ga hawa, Bwdif zuwa hotuna 50 ga duk abin da ke da motsi, sauti AAC, mazubi MP4. Na ƙayyade matakin H.264 a 3.1, domin mataki na 3.0 a hotuna 25 yake tsayawa ga hoto mai wannan girma, 3.1 kuwa yana ɗaukar 50 kuma tsofaffin na'urori sun san shi. Da wannan, biki mai awa biyu yana fitowa tsakanin gigabayit ɗaya da biyu. Ana kuma duba cewa alamar siffar hoto ta 4:3 ko 16:9 ta biyo fayil ɗin, saboda ɗigon DVD ba murabba'i ba ne, idan alamar ta ɓace sai mutane su fito a matse ko a baje.

Kwafin asali yana ma'ajiya biyu, ɗaya a wurina ɗaya a gidan Baffa, kowane fayil da lambar tantancewarsa ta SHA-256, wadda za a riƙa dubawa lokaci-lokaci don a gane idan wani abu ya lalace. Ranar da wayoyin da ke hannun mutane suka fara buɗe AV1 da kansu, daga waɗannan za a sake matsewa, ba daga MP4 ba.

Zafin Afrilu ya sa kwamfutar tana rage gudu da rana, don haka jerin matsewar da dare yake tafiya. An kusa rabin DVD. Akwai wasu faya-fayai da aka jera rabin hotunansu a juye tun wajen haɗawa a shago, motsinsu yana karkarwa ko bayan Bwdif, waɗannan sai an faɗa wa matatar da hannu wane rabi ne na farko, kuma na ware su sai ƙarshe. Na kuma sa a nemo mini na'urar VHS mai lafiyayyen kai, domin ta Baffa tana tauna kaset.